Direban Babbar Mota: Ma'aikaci ne ko Ɗan Jinga? Waiwaye Kan Tarihin Dako a Birnin Kano

Gabatarwa

Duk buhun geron da ya bar kasuwar Dawanau zuwa Ikko, da huhun goron da aka sauke a Mariri, da dilar atamfar da ta iso Kantin Kwari, a bayan babbar mota suka yi tafiya. Amma mutumin da ke riƙe da sitiyarin wannan mota, har yau ba a daidaita a kan matsayinsa ba. Wasu na ganin ma'aikacin mai mota ne, wanda ya cancanci albashi da hutu da diyya idan ya ji rauni. Wasu kuma na ganin ɗan jinga ne mai zaman kansa, an yi ciniki da shi ya kai kaya, a sallame shi, kowa ya kama gabansa. Amsar wannan tambaya ita ke nuna wanda zai biya kuɗin asibiti idan mota ta faɗi a Kwanar Ɗangora, da wanda zai biya mai kaya idan tumatir ya ruɓe a hanya, da abin da za a miƙa wa marayu idan direba bai dawo ba.

A cikin wannan maƙala ina so in bi sawun tambayar a tarihin birnin Kano, tun daga zamanin ayari har zuwa zamanin tirela. Abin da na fahimta daga wannan bibiya shi ne, Kanawa sun daɗe da sanin bambanci tsakanin mai aiki a ƙarƙashin wani da mai cin gashin kansa, kuma ma'aunin da suka riƙe guda ɗaya ne: wanda ke da iko a kan mutum, shi ke ɗaukar nauyinsa. Ruɗanin da muke ciki a yau ya samo asali ne daga raba waɗannan abubuwa biyu.

Masu Ɗaukar Kaya a Zamanin Ayari

Hanyoyi ne suka gina Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, daga baya kuma Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa kasuwar Kurmi. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar da birni mai aika tufafi har Tumbutu da Tarabulus, mai karɓar gishiri daga Bilma da goro daga Gwanja. Sunayen unguwanni irin su Zangon Barebari da Alfindiki da Dandalin Turawa har gobe suna tuna mana masaukan baƙin fatake.

Ayarin goro, wanda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara da shi, yana da tsari. Akwai madugu a kan gaba, akwai jagaba, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari. Kayan da ke cikin ayari ba na madugu ba ne shi kaɗai. Kowane farke da nasa, suna dai biyan madugu ladan jagoranci, shi kuma ya shirya da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Tafiya da dawowa kan ci watanni masu yawa.

Idan muka dubi waɗanda ke fama da kayan kansu, wato masu ɗaurawa da saukewa da kora dabbobi, za mu ga sun kasu kashi uku. Kashi na farko su ne na gida: 'ya'ya da barori da bayi, masu kora jakunan ubangidansu. Ba a yanka musu lada a kan kowace tafiya, amma cinsu da suturarsu da maganinsu suna wuyan ubangida, kuma bara yana sa ran a yi masa aure, wata rana a ba shi jari. Idan jaki ya mutu a hanya, asarar ubangida ce. Kashi na biyu su ne 'yan alaro, masu ɗaukar kaya a ka daga wannan zango zuwa wancan bisa ladan da aka yi ciniki. Da an sauke kaya an biya, alaƙa ta ƙare. Kashi na uku su ne masu dabbobinsu, kamar Buzayen da ke ba Larabawan Gadamas hayar raƙuma, da masu jakuna da takarkarai. Waɗannan su ke da dabba, su ke ciyar da ita, idan ta faɗi su ta faɗa wa, kuma ba mai tilasta musu ɗaukar kayan da ba su ga dama ba.

Akwai kuma wani tsari na huɗu da ya kamata a ambata, wato murgu. Bawa kan nemi izinin ubangijinsa ya je ya yi sana'a, ya riƙa kawo wani kuɗi ƙayyadadde, abin da ya rage nasa ne, shi zai ciyar da kansa. Ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba, murgu yana nan. Zan dawo kan wannan a gaba.

Abin da Alƙalai Suka Riƙe

Wannan rabe-rabe bai tsaya ga al'ada kawai ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Madabo da sauran unguwannin birni, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Halilu, waɗanda alƙalai ke hukunci da su, sun yi bayanin ijara da haya dalla-dalla. Fage ne na malamai, amma zan kawo ma'anar wasu hukunce-hukunce huɗu da suka shafi zancenmu.

Na farko, ijara ba ta inganta sai an san lada, an kuma san aikin ko tsawon lokacinsa. Na biyu, wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, saɓanin mai sana'ar da ya kafa kansa yana karɓar aikin jama'a, kamar maɗinki ko marini, wanda ke lamunin kayan da ya tafi da su. Na uku, an bambanta hayar dabba takamaimiya da hayar da aka yi bisa lamuni. Idan ka ɗauki hayar wani raƙumi takamaimai ya mutu a hanya, haya ta warware a sauran tafiyar. Idan kuwa mai raƙuma ya yi lamunin kai maka kaya, to dole ya kawo wani raƙumin ya cika alkawari. Na huɗu, malaman sun ɓata yarjejeniyar da mai dabba zai ce wa wani ya je ya yi aiki da dabbarsa su raba abin da aka samu, saboda ba a san ladan ba tun farko.

Mai karatu zai lura cewa tambayoyin da ke ƙarƙashin waɗannan hukunce-hukunce su ne: abin hawan na wane ne, me aka yi alkawari, ƙarfin mutum ne aka saya ko isar da kaya, sannan asara a kan wa take. Su ne dai tambayoyin da kotunan zamani ke yi a yau.

Jirgin Ƙasa, Gyaɗa da Zuwan Mota

Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Auduga Turawa suka sa rai, sai manoma suka ba su gyaɗa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Attajiran goro na cikin birni, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, sannan Alhassan Ɗantata (1877-1955), suka juya ga sayen gyaɗa. Da tsarin da suka gada suka yi aikin: ubangida a birni, yaransa a ƙauyuka da kuɗin saye a hannu. Jakuna da raƙuma ne suka riƙa kawo gyaɗa bakin sikeli, mafi yawansu na masu su ne, ana biyansu gwargwadon kaya da nisan tafiya.

Daga shekarun 1920 motocin ɗaukar kaya suka fara shigowa, suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kwarori da mutanen kudu mazauna Sabon Gari suna cikin waɗanda suka fara harkar, attajiran birni suka bi baya. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so mota ta ƙwace wa jirginta ciniki, don haka ta tsananta kuɗin lasin a wasu hanyoyi, abin da ya jawo yajin aikin masu motoci a 1937. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar da ta fara ɗaga murya a harkar mota ta masu mota ce. Muryar direba ta zo daga baya.

A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin jigilar alhazai da aka sani da WAPA, wanda motocinsa ke bi ta Barno da Cadi zuwa Sudan. Sunan ya zauna a Fagge har yau. A shekarun da dalar gyaɗa ke tsaye a filin Ƙofar Mazugal, mota ta riga ta karɓi aikin jaki a manyan hanyoyi. Sai dai lungunan cikin birni ba su ba ta hanya ba, shi ya sa 'yan dako da masu kura suka ci gaba da ɗaukar kaya daga bakin titi zuwa cikin Kurmi, a kan tsarin 'yan alaro na dauri.

Daga Karen Mota Zuwa Mai Mota

Da mota ta shigo gidajen attajiran birni, sai aka ajiye direba a gurbin baran da ke kora jakuna. Mu da muka taso cikin birni mun ga ƙarshen wannan zamani. Direban Alhaji ɗan gida ne. Daga cikin gida ake fito masa da tuwo, da salla a ɗinka masa, idan matarsa ta haihu Alhaji ne mai rago, idan ya yi haɗari Alhaji ne mai zirga-zirgar asibiti da ofishin 'yan sanda.

Sana'ar kuma tana da matakala. Yaro kan fara a karen mota: wankin mota, sa waji, ɗaure tamfol, lura da lodi, dafa abinci a hanya. A hankali maigidansa direba ya fara ba shi juya mota a tasha, har ya kai ga yin lasin. Daga nan a damƙa masa Bedford ko Mercedes 911. Albashin ba shi da yawa, amma akwai kuɗin hanya, akwai kuma ɗan abin da yake samu daga fasinjan da ya ɗora ko ƙaramin lodin dawowa, wanda mai mota ya sani yake kawar da kai. Idan direba ya yi shekaru da amana, ubangida kan sallama masa tsohuwar mota ya biya sannu a hankali. Ta wannan hanya direbobi da dama suka zama masu mota, su ma suka ɗauki nasu yaran.

Ba ina cewa tsarin ba shi da aibu ba. Komai ya rataya ne a kan halin ubangida. Babu takarda, babu ƙayyadadden lokaci. Wani ya yi shekara ashirin yana bauta ya tashi a tutar babu, wani kuma ubangida na rasuwa magada su sayar da motoci su sallame shi da na gode. Duk da haka jama'a sun san abin da ya kamata, kuma attajirin da ya yar da direbansa a gadon asibiti ya san zai sha magana a zaure da masallaci. Iko da nauyi a hannu ɗaya suke.

Yadda Iko da Nauyi Suka Rabu

Abubuwa da dama suka taru suka sauya wannan tsari. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya cinikin gyaɗa. Kuɗin man fetur suka kawo sababbin tituna, jirgin ƙasa ya yi rauni, kusan dukan kaya suka koma kan titi. Har kamfanin harhaɗa manyan motocin Fiat aka kafa a Kano, wato NTM. Daga 1986 kuma, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, taya da kayan gyara suka yi tsada, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, aka koma sayen na hannu daga Turai.

Masu mota suka nemi hanyar rage asara. Wasu suka daina albashin wata suka koma biya a kan kowace tafiya: in mota ta yi lodi direba ya samu, in ta kwana a gareji ya kwana da yunwa. Wasu suka yanka balas, wato kuɗin da direba zai kawo ko ta halin ƙaƙa. Direba ɗa ne mai 'yanci, yana iya ajiye makulli ya tafi, don haka ba a haɗa shi da bawa. Amma ginin balas da na murgu iri ɗaya ne: rabon mai abu a yanke yake, sauran haɗari duk a kan mai aiki. Har ila yau, masu mota na yanzu da yawa ba su san direbansu ba sai ta bakin ɗan kamasho ko wani mai tsaya masa.

A ɗaya gefen kuma ikon mai mota ƙaruwa ya yi. Madugu in ya fita Ƙofar Kabuga sai dai a jira labari. Tun zuwan wayar hannu a 2001, da na'urar bin sawun mota daga baya, mai mota na zaune a Kano yana ganin inda motarsa ta tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos, da minti nawa ta yi. Ya fi ubangidan dauri iko, ya kuma fi shi sauƙin nauyi.

Ƙungiyoyi da Dokokin Zamani

A 1978 gwamnatin soja ta sake tsarin ƙungiyoyin ƙwadago ta mayar da su 42 a ƙarƙashin NLC. Cikinsu akwai ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta NURTW. Masu mota kuma suna da RTEAN da NARTO. Sai dai a tasha ba a rabu haka ba, domin a cikin ƙungiyar direbobi akwai mai tuƙa motar wani, akwai mai tuƙa tasa. Saboda haka ƙarfin ƙungiya ya fi tafiya wajen tsara layin lodi da karɓar kuɗin tasha da taimakon wanda ya shiga matsala a hanya, fiye da cinikin albashi. Direbobin tanka, waɗanda ke da reshe a ƙungiyar NUPENG, su ne suka fi samun zama da masu mota a kan albashi da alawus. A watan Satumba na 2025 ma NUPENG ta yi yajin aiki a kan 'yancin shiga ƙungiya na direbobin da matatar man Ɗangote ta ɗauka domin sababbin motocinta masu amfani da iskar gas, aka janye bayan an sa hannu a yarjejeniya. Wannan ya nuna cewa ko inda aka yarda direba ma'aikaci ne, akwai sauran magana.

Ta fuskar doka, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta amince da yarjejeniyar aiki ko da ta baki ce, ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, domin biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Amma dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da ya yi ba. Direban da ake biya a kan tafiya, a gidan mai mota biyu ko uku, ya faɗa cikin wannan rami ta fuska biyu.

A 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Shena Security da kamfanin Afropak, ta jero abubuwan da ake dubawa wajen bambanta ma'aikaci da ɗan jinga. Daga ciki akwai yadda ake biya, albashi ne ko kuɗin aiki, da wanda ya kawo kayan aiki, da ko mutum na da damar wakilta wani ya yi aikin a madadinsa, da ko an ƙayyade masa lokutan aiki. Wanda ya karanta babin ijara ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, irin waɗannan ƙararraki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke sauraronsu, kuma tana da reshe a Kano.

Yadda Abin Yake a Wasu Ƙasashe

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Ingila a 1968 an yi shari'ar wani direban kamfanin kankare mai suna Ready Mixed Concrete. Motar da fentin kamfani, shi da rigar kamfani, amma shi ya saye ta yana biya kaɗan-kaɗan, shi ke gyaranta, ana biyansa gwargwadon nisan tafiya, kuma yana iya sa wani ya tuƙa. Kotu ta ce ɗan jinga ne, domin riba da asara nasa ne. A Amurka kuwa, jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 wadda ta ɗauki kowane mai aiki a matsayin ma'aikaci, sai in kamfani ya tabbatar da abu uku: ba ya juya shi, aikin ba ainihin sana'ar kamfanin ba ne, kuma mutumin yana da sana'arsa mai zaman kanta. Da dokar ta hau kan manyan motoci a 2022, direbobi masu motocin kansu suka tare tashar jiragen ruwa ta Okland suna zanga-zangar ƙin amincewa. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, ba kowane direba ne ke son a mayar da shi ma'aikaci ba. Mai raƙuminsa ba ya son a sa masa akala.

Matsayina

A ganina kuskure ne a nemi suna ɗaya a liƙa wa dukan direbobi. Direbobin manyan motoci a Kano a yau sun kasu huɗu, kuma tambayoyi uku sun isa a gane kowanne: motar ta wace ce, wa ke faɗin inda za a je da lokacin da za a tashi, sannan wa ke kwasar riba.

Direban kamfani, mai albashi da katin shaida, ma'aikaci ne, babu jayayya. Mai tuƙa motarsa, wanda ke zaɓen lodi a Dawanau ko Singa, ya yi ciniki da bakinsa, ya ƙi wanda bai yi masa ba, shi ne magajin masu jakuna da raƙuma. Mai zaman kansa ne, a bar shi a haka, a dai ƙarfafa masa gwiwar yin inshora da shiga tsarin fansho na masu sana'ar kansu, wanda aka ɓullo da shi a 2019.

Direban da ke tuƙa motar wani, wanda ba ya iya ƙin tafiya, ba ya iya miƙa makulli ga wani sai da izini, ana bin sawunsa dare da rana, wannan ma'aikaci ne, ko da a kan tafiya ake biyansa, ko da kuwa an kira shi da wani suna. Yadda ake ƙirga lada bai sauya wanda ke da iko ba. Saboda haka jinyarsa da diyyarsa suna kan mai mota, kuma bai kamata a cire masa kuɗin kayan da suka salwanta ba sai an tabbatar da sakacinsa, kamar yadda malamanmu suka faɗa tun da daɗewa.

Na huɗu shi ne wanda aka ba mota yana biya kaɗan-kaɗan. Ana ce masa mai mota, amma takardu na hannun wani, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Shi ke gyara, shi ke asara, in ya gaza biya a ƙwace. Da yawa ba su san cewa dokar irin wannan ciniki ta 1965 ta ce idan mai saye ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon ƙwace ta ya riƙe sai ta hanyar kotu ba. Idan wanda ya ba da motar ya tsaya ga karɓar kuɗinsa kawai, to ciniki ne tsakanin mai saye da mai sayarwa. Idan kuwa shi ke zaɓen lodi da hanya, to ya zama ubangida, sai ya ɗauki rabonsa na nauyi.

Na san masu mota suna da nasu kuka, kuma kukan gaskiya ne. Man dizal ya yi tsada, hanyoyi sun lalace, shingaye sun yi yawa, ga matsalar tsaro, ga kuma direbobin da ke sayar da mai ko karkatar da kaya. Mai mota ɗaya ba kamfani ba ne. Amma rubuta yarjejeniya a takarda guda, a gaban shaidu biyu da wakilin ƙungiya, ba ya cin kuɗi, kuma yana kare mai mota kamar yadda yake kare direba. Haka nan direban da ke da tabbacin albashi ba shi da dalilin kwana biyu a kan sitiyari ba barci don ya cika balas. Motar da ta ƙwace daga hannun mai gyangyaɗi ba ta tambayar wanda ke gabanta ko yana da hannu a cinikin.

Kammalawa

Mun ga yadda kakanninmu suka bambanta bara da ɗan alaro da mai dabbarsa, da yadda fiƙihu ya tsara wannan bambanci, da yadda direba ya gaji gurbin bara, sannan aka janye masa inuwar gida aka bar masa umarni. Ba za a koma zamanin da tuwon direba ke fitowa daga gidan Alhaji ba, birni ya yi girma, harka ta faɗaɗa. Abin da zai yiwu shi ne a mayar da wancan nauyi cikin takarda da inshora da asusun diyya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana malaman makaranta, idan sun zo koyar da tarihin kasuwancin Kano, kada su tsaya ga sunayen attajirai da sarakuna, su ambaci waɗanda suka ɗauki kayan. Ina kuma roƙon iyayenmu dattawa da suka yi tuƙi ko suka riƙe motoci a zamanin gyaɗa, su ba da dama a naɗi bayanansu: nawa ake biya, yaya ake sallama, wa ke biya idan an yi asara. Waɗannan bayanai ba sa cikin fayil ɗin Turawa, suna cikin zaurukan Koki da Dala da Fagge, kuma masu su suna ƙaranci kowace shekara.